ARGUNGU DA GIDAN TARIHIN KANTA



Gabatarwa

Da aka nemi in yi wannan lacca, an bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai, muddin dai ya shafi tarihin garuruwanmu da abin da magabata suka bar mana. Sai na zaɓi Argungu. Na san da yawa daga cikinku da jin wannan suna abin da zai faɗo muku a rai shi ne bikin kamun kifi, watau dubban masunta riƙe da homa da gora suna rugawa cikin Matan Fada, da ƙaton giwan ruwa ana ɗora shi bisa ma'auni. Wannan kuwa ba laifi ba ne, domin da bikin ne duniya ta san garin. Amma a cikin garin akwai wani tsohon gida wanda baƙin biki da dama kan koma garuruwansu ba su ko leƙa shi ba, shi ne Gidan Tarihin Kanta, wanda mutanen gari ke kira Gidan Nabame. A kan wannan gida nake so in tsaya yau.

Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, yawancin abin da aka rubuta game da ƙasar Kabi waɗansu ne suka rubuta shi, galibi ma waɗanda suka yi yaƙi da ita. Su Kabawa nasu tarihin a ka suka riƙe shi, da kuma cikin kayayyakin da suka gada. Saboda haka wannan gida shi ne littafin da Kabawa suka wallafa da kansu. Sai dai littafi ne wanda ba ya karantuwa sai da mai fassara, masu fassarar kuwa dattawa ne, kullum raguwa suke yi. Kafin in kai ga wannan batu, wajibi ne mu bi tarihin tun daga tushe, don mu san ko kayan wane ne aka tara a gidan.

Ƙasar da Mutanenta

Argungu tana bakin gulbin da Hausawa ke kira Gulbin Kabi, kimanin kilomita 100 kudu maso yamma da Sakkwato, a kan hanyar Birnin Kabi. Gulbin nan shi ne wanda ya tattaro ruwan Rima da na Sakkwato ya gangara da su zuwa Kwara. Duk damina yakan yi ambaliya ya malale fadama mai faɗin gaske, idan ruwa ya janye kuma ya bar tafkuna cike da kifi da ƙasa mai kyau ta noman shinkafa. Wanda bai fahimci wannan fadama ba, ba zai fahimci tarihin Kabi ba. Ita ce ta ciyar da Kabawa, ita ce ta sa suka zama masunta da masu tuƙin jirgi, kuma ita ce ganuwarsu ta fari, domin rundunar dawaki ba ta iya ratsa ta sai cikin 'yan watannin rani.

Masarautar Argungu a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu na Jihar Kebbi, watau Argungu da Augie da Arewa da Dandi. Ban da Kabawa akwai Arawa da Zabarmawa da Dandawa da Kyangawa da Fulani. Ina roƙonku ku riƙe waɗannan sunaye, domin za mu sake gamuwa da su a fagen fama, za mu kuma sake gamuwa da su a ƙetaren iyaka.

Kanta da Daular Kabi

Tarihin Kabi a matsayin daula ya fara ne da Muhammadu Kanta, a farkon ƙarni na 16. Abdurrahman Sa'adi, malamin Tambutu da ya rubuta Tarihus Sudan a ƙarni na 17, ya ambace shi a matsayin sarkin Leka wanda ya raka Askiya Muhammadu, sarkin Songhai, yaƙin Agadas. A kan hanyar dawowa, wajen shekarar 1516, aka sami saɓani a kan rabon ganima, Kanta ya ware da jama'arsa ya daina bin Songhai. Askiya ya tura runduna ba ta ci nasara ba. Wani Askiyan da ya zo daga baya, Muhammadu Benkan, ya sake gwadawa, shi ma aka kore shi. Ku lura, Songhai a lokacin ita ce daula mafi ƙarfi a duk yammacin ƙasar Sudan, amma ta kasa tanƙwara wannan sabuwar ƙasa ta masunta da manoman fadama.

Kanta ya kafa garuruwa uku da suka shahara, Leka da Gungu da Surame, ya mai da Surame babban birninsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi maganarsa a cikin Infaƙul Maisuri, ya nuna girman mulkinsa da yadda ya kara da Barno. Labaran baka kuwa sun fi haka yawa. Ana cewa yana da jirgin ruwa lulluɓe da tagulla wanda yake kewaya ƙasarsa da shi in ruwa ya cika. Ana cewa da Nufawa suka makara wajen aikin ganuwa, sai ya tilasta musu kwaɓa ƙasa da man kaɗanya a maimakon ruwa. Ana kuma cewa a kan hanyarsa ta dawowa daga yaƙin Barno aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ya rasu, aka ɗauko gawarsa aka yi ta haƙa kaburburan ruɗu a hanya don kada abokan gaba su gane inda yake kwance. Manazarci ba zai ɗauki irin waɗannan labarai a matsayin rahoton ganau ba. Haka kuma ba zai zubar da su ba, domin suna gaya mana irin kwarjinin da mutumin ya bari a zukatan jama'a, har shekara ɗari biyar ba ta goge shi ba.

Shaidar da ba ta da gardama ita ce Surame kanta. Kufanta na nan cikin Jihar Sakkwato ta yau, da ragowar ganuwa ta duwatsu wadda ba a saba ganin irinta a ƙasar Hausa ba, inda aka fi gina ganuwa da jar ƙasa. Gwamnatin Nijeriya ta sanya Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964.

Daula kamar mutum take, tana da ƙuruciya tana da tsufa. A ƙarni na 17 ƙarfin Kabi ya soma ja da baya. A 1674 Agabba na Agadas ya ƙwace ƙasar Adar daga hannunta, Zamfara da Gobir kuma suka taso ta gabas. A farkon ƙarni na 18 Sarkin Kabi Tomo ya bar Surame ya kafa Birnin Kabi. Sarauta ta yi ƙaura ta farko ke nan.

Daga Birnin Kabi zuwa Argungu

Ƙaura ta biyu jihadi ne ya kawo ta. A nan ina so in ja hankalin ɗalibai, domin akan taƙaita wannan babi a ce yaƙi ne tsakanin Fulani da Kabawa, alhali al'amarin ya fi haka sarƙaƙiya. Ƙasar Kabi tana cikin wuraren da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara kai wa'azinsa, ya kuma sami almajirai a cikinta. Malam Abdussalami, wanda harin da aka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abubuwan da suka tayar da jihadin, Ba'are ne, Gimbana kuma a ƙasar Kabi take. Lokacin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jedo suka ci Birnin Kabi a 1805, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita da jama'arsa, masu jihadi kuma suka naɗa wani ɗan gidan sarautar, Usmanu Masa, a gurbinsa. Ashe ke nan gidan Kanta kansa ya rabu biyu. A cikin wannan shekara aka gwabza a Alwasa, inda taron Gobirawa da Azbinawa da Kabawa suka yi wa rundunar jama'a mummunar ɓarna, Usmanu Masa ma ya juya ya koma wajensu, amma da suka bi har Gwandu sai aka kore su.

Hodi ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a 1826. Ƙanensa Sama'ila, wanda aka fi sani da Karari, ya gaje shi, shi ne kuma ya yi sansani a Argungu. Akwai ma labarin da ke cewa sunan garin ya samo asali ne daga kiran da aka yi wa Kabawan da suka watse cewa a yi gungu, watau a taru wuri ɗaya. Ko da masanin harshe zai yi taka-tsantsan da irin wannan fassara, ta dace da matsayin da garin ya samu, na mafaka ga waɗanda suka ƙi miƙa wuya. A 1831 rundunar Sakkwato da ta Gwandu suka kewaye Argungu, garin ya faɗi, aka kashe Karari. Ɗansa Yakubu Nabame ya shiga hannu, amma Sarkin Musulmi Bello bai kashe shi ba, ya ajiye shi a Sakkwato.

Nabame ya shekara goma sha wani abu a can kafin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya yarda ya koma ƙasarsa. A 1849 ya ɗaga tutar tawaye, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya, Argungu ta sake tashi. Matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya ratsa Gwandu da Birnin Kabi a 1853, ya kuma ba da labarin yadda wannan yaƙi ya hana hanyoyin yamma zama lafiya. Nabame ya rasu a fagen fama a 1854. Aka kama magajinsa Yusufu Mainasara aka kashe shi a 1859, shekara guda bayan haka Kabawa suka kashe Sarkin Gwandu Haliru. Da kowane ɓangare ya gaji, sai aka ƙulla amana wajen 1867, zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wadda ake kira Lafiyar Toga. Ta ɗore kimanin shekara takwas, kuma muhimmancinta shi ne an bar wa kowa garuruwan da ke hannunsa, watau an amince Argungu tana cin gashin kanta.

Sarkin da ya fi shahara a wannan zamani shi ne Sama'ila ɗan Yakubu Nabame, wanda ake kira Sama, ya yi sarauta daga 1883 zuwa 1915. A 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya taso da babbar runduna don ya gama da Argungu gaba ɗaya, Sama ya tare shi ya kore shi. Daga nan ba a sake yunƙurin cin garin ba. Da Turawan Ingila suka iso, Sama ya karɓe su ba tare da yaƙi ba, suka kafa sansani a Argungu a 1902, kafin su ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Amma abin da takobin Sakkwato ya kasa yi alƙalamin Turawa ya yi shi. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a 1898, suka gyara a 1904 da 1906, ta yanke Argungu daga da yawa cikin ƙawayenta, Doso da Gaya da Dogon Dutse suka faɗa ɓangaren Faransa, suna cikin Jamhuriyar Nijar a yau.

Wane ne ya Rubuta Tarihin?

Jama'a, idan kun lura da majiyoyin da na ambata, za ku ga wani abu. Labarin tashin Kanta daga malamin Tambutu muka samo shi, watau daga ɓangaren Songhai wadda Kanta ya yi wa tawaye. Labarin faɗuwar Birnin Kabi da yaƙin Alwasa daga Infaƙul Maisuri na Bello da Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi muka samo shi, watau daga waɗanda suka jagoranci yaƙin. Sauran kuma daga matafiya da razdanonin Turawa, irin su Harris, wanda ya wallafa bincikensa kan masuntan Kabi a 1942. Ban faɗi haka don in rage darajar waɗannan littattafai ba. Malaman Sakkwato masana ne masu kiyaye amanar ilmi, kuma ba don su ba da ba mu san shekarun da abubuwa da yawa suka auku ba. Amma kowane marubuci daga inda yake tsaye yake hango fage. Wanda ke rubutu a Sakkwato ko Gwandu, Nabame a wurinsa mai warware alkawari ne. A Argungu kuwa ɗa ne da ya karɓo gadon ubansa.

Akwai wata ƙaramar shaida da ke nuna yadda aka yi jayayya har a kan suna. Sarautar Sarkin Kabi ba a Argungu kaɗai take ba. Akwai Sarkin Kabin Yabo, sarautar da ta samo asali daga Moyijo, shugaban Fulanin Kabi da ya taimaki Shehu, akwai kuma Sarkin Kabin Jega. Duk wanda ya ji waɗannan laƙabobi uku ya tambayi dalili, to, ya kama bakin zaren tarihin ƙarni na 19 ke nan.

Sai a 1969 wani ɗan ƙasa, Muhammadu Bello Alƙali, ya gabatar da kundin digirinsa na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a kan Kabi cikin ƙarni na 19, inda ya haɗa rubutattun majiyoyi da abin da ya ji daga bakin mutanen ƙasar. Wannan ita ce hanyar da ta dace, gidan tarihin kuwa shi ne wurin da ya fi cancanta a ci gaba da bin ta.

Gidan Kansa

Gidan Tarihin Kanta shi ne tsohuwar fadar sarakunan Kabi na Argungu. A cikinsa suka zauna har 1942, zamanin Sarki Muhammadu Sani, lokacin da aka gina sabuwar fada. A ranar 1 ga Yuli 1958 aka buɗe tsohon gidan a matsayin gidan tarihi. Ku auna wannan shekara da kyau. Gidan tarihin Jos a 1952 aka buɗe shi, na ƙasa da ke Legas kuwa a 1957. Ke nan shekara ɗaya tak bayan babban birnin ƙasa, tun ba a sami mulkin kai ba, wannan ɗan gari na bakin fadama ya riga ya ware gida don adana tarihinsa. An raba gidan sassa goma sha ɗaya. A ciki akwai kayan yaƙi irin su masu da takubba da kwari da baka da bindigogi ƙirar maƙera, akwai layu da sauran kayan tsari, akwai ganguna. A cikin harabarsa kuma ake binne sarakunan Kabi. Wannan ya bambanta shi da yawancin gidajen tarihi, domin wuri ne da zuriyar masu kayan ke da makwantan iyayensu a ciki, har yanzu yana da alfarmarsa ta fada.

Bari in ba ku misali ɗaya na yadda gidan ke magana da harshen Kabawa. Abin da aka saba faɗa, kuma aka rubuta a wurare da yawa, shi ne Yakubu Nabame ya gina gidan a 1831. To, amma mun riga mun ga cewa 1831 ita ce shekarar da aka kashe Karari aka tafi da Nabame Sakkwato, bai kuma sake riƙe Argungu ba sai 1849. Ɗalibi mai gaggawa zai ce kuskure ne kawai, ya gyara ya wuce. Ni a ganina akwai abin dubawa a nan. Jerin sarakunan Argungu yana fara lissafin sarautar Nabame ne daga 1831, ranar da ubansa ya faɗi, ba daga ranar da ya dawo ba. Ma'ana, a lissafin Kabawa gadon Kanta bai taɓa zama babu kowa a kai ba, sarki yana nan ko da yana tsare a hannun abokan gaba. Shekarar da aka liƙa wa gidan, shekarar hawan mai gidan ce a wannan lissafi. Wanda ya karanta littattafan Sakkwato kaɗai ba zai gane haka ba, wanda kuma ya saurari Argungu kaɗai ba zai ma san akwai abin tambaya ba. Sai an aza su gefe da gefe.

Haka abin yake ga kowane kaya da ke cikin gidan. Mashi ƙarfe ne da itace, ba ya faɗin komai da kansa. Darajarsa tana ga amsar waɗansu tambayoyi. Mene ne sunansa a bakin masu shi, mashi ne ko asigiri? Wane maƙeri ya ƙera shi, a wane gari? Wa ya riƙe shi, a wane yaƙi? Ganga kuma, tambari ce ko kurya, wa ke da ikon kaɗa ta, a wane lokaci, kuma me take cewa in an kaɗa? Laya da guru da kambu, wanne ne na tsarin ƙarfe, wanne ne na ɓata, wa ya rubuta, malami ko boka? Amsoshin nan ba a jikin kayan suke ba, suna bakin makaɗan fada da maroƙa da maƙera da tsofaffin bayin sarki da matan gidan sarauta. Lokacin da nake karatu a ƙasar waje na taɓa shiga wani babban gidan tarihi na tarar da sirdi da linzami irin namu cikin akwatin gilashi, tsaf-tsaf babu ko ƙura, amma abin da aka rubuta a ƙarƙashinsu bai wuce cewa daga Afirka ta Yamma aka samo su ba. An kiyaye fata da ƙarfe, an yar da labari. Mu nan labarin yana hannunmu tukuna, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa, domin tsatsa takan ɗauki shekaru kafin ta cinye takobi, tsoho kuwa dare ɗaya yake tafiya da abin da ke kansa.

Daga Fagen Fama zuwa Matan Fada

Wani zai ce, to, ba tonon tsohuwar gaba ba ne a riƙa nuna makaman da aka yaƙi Sakkwato da Gwandu da su? Amsar wannan tana cikin tarihin bikin kamun kifin kansa. Al'adun ruwa irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, da sarautun Sarkin Ruwa da Homa, sun daɗe a ƙasar Kabi tun kafin zuwan Turawa. Amma bikin a siffarsa ta yanzu ya faro ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Shekara arba'in da biyu ke nan bayan wani Sarkin Musulmin ya zo ƙofar garin da runduna. Wannan karon da zumunci aka zo, Kabawa kuma suka rasa abin da ya fi dacewa su karrama baƙonsu da shi sai abin da suka fi kowa iyawa, watau su. Daga wannan tarba biki ya tsiro, ya girma, har a 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam.

Don haka gidan tarihin da bikin abu ɗaya suke faɗa, ɗaya ya ɗauko farkon zance, ɗaya ya ɗauko ƙarshensa. Wanda ya ga masu da takubba a Gidan Nabame sa'an nan ya gangara Matan Fada, shi ne zai san nauyin abin da aka yi a 1934. Tun 1991 kuwa Argungu da Gwandu suna cikin jiha ɗaya, babban birninta shi ne Birnin Kabi, garin da aka fara faɗan a kansa, sunan jihar kuma sunan daular Kanta ne. Sulhun da aka san tarihinsa ya fi ƙarko bisa wanda aka gina a kan mantuwa.

Abin da ya Rataya a Wuyanmu

Ga ɗalibai, musamman na sashen Hausa da na tarihi, aikin a fili yake. Kowace shekara muna karɓar kundaye a kan batutuwan da aka riga aka tatse, alhali ga fage nan ba a nome ba. Ɗalibi ɗaya zai iya ɗaukar sashe ɗaya na gidan, ya zauna da dattawa da rakoda ko wayar hannunsa, ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya ya rubuta sunan kowanne da aikinsa da labarinsa, da Kabancin da aka faɗa masa, kada ya mai da shi Kananci. Wani ya ɗauki kalmomin su kaɗai, sunayen kifaye da na taru da koma da mamari da gura, domin tun da aka gina madatsun ruwa na Bakolori da Goronyo a sama ambaliyar fadama ta sauya, sana'ar da ta sauya kuwa kalmominta kan bi ta su ɓace. Wani kuma ya ƙetara Doso da Dogon Dutse ya jiyo yadda jikokin ƙawayen Nabame ke ba da labarin yaƙe-yaƙen nan, domin rabin shaidun suna can.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, abubuwa uku zan roƙa. Na farko, duk wani tsohon gini abokan gabarsa ruwan sama ne da gara, maganinsu kuma gyara ne na kowace shekara kafin damina ta faɗi. Kuɗin wannan kaɗan ne in an sa shi cikin kasafi a kan kari, amma in aka jira sai soro ya rufta, ko an sake gina shi ba wanda Nabame ya shiga ba ne. Na biyu, kowane gidan tarihi yana bukatar cikakken rajista, kowane kaya da lambarsa da hotonsa da bayaninsa, a kuma ajiye kwafi a wani wuri dabam. Kayan tarihin Afirka suna da kasuwa a ƙasashen waje, abin da ba a rubuta ba kuwa in ya ɓace ba mai iya shaidar cewa ya taɓa zama a wurin. Na uku, bayanin da za a liƙa jikin kaya a yi shi da Hausa, boko da ajami, kafin a yi shi da Turanci, don manomi da masunci da almajiri su karanta tarihin kakanninsu ba tare da tafinta ba. Sa'an nan tun da Surame tana Jihar Sakkwato, gidan da ke ɗauke da sunan mai ita kuma yana Jihar Kebbi, ya kamata jihohin biyu su haɗa hannu da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, yadda ɗan makarantar da aka kai ɗayan za a kai shi ɗayan.

Kammalawa

A taƙaice, mun bi sarautar Kabi daga Surame zuwa Birnin Kabi, daga Birnin Kabi zuwa Argungu. Mun ga yadda waɗansu suka rubuta tarihinta, da yadda ita kuma ta ajiye nata a cikin tsohuwar fadarta. Mutanen da suka buɗe wannan gida a 1958 sun yi nasu, sun tara kayan sun hana su watsewa. Abin da ya rage shi ne a rubuta abin da kayan ke nufi tun masu sani suna da rai, wannan kuwa aikinmu ne mu da muka yi karatu. Akwai garuruwa da yawa a ƙasar nan masu irin wannan gida, ko masu kayan da suka isa a buɗe irinsa, saboda haka abin da na faɗa game da Argungu kowa ya auna shi da garinsu.

 Allah ya jiƙan magabatanmu na kowane ɓangare, ya ba mu ikon riƙon amanar da suka bar mana.